Tasi'u Tsakanin Duniyar Kanti da Duniyar Gida

Ku gyara zama, ku da kullum kuke cewa babu gardamar da za ta kwana a gabanku. Yau na kawo muku wadda ta gagari unguwarmu. Ba ta zamanin kakanni ba ce, a kan idona aka yi ta, katanga ɗaya ce ta raba gidana da gidan da abin ya faru. Wanda zai yi dariya don ya ji maganar wasa ce, ya yi dariyarsa yanzu ya gama, don nan gaba kaɗan akwai ran mutum a ciki.

A Funtua akwai wani magidanci mai suna Tasi'u, sana'arsa haɗa wutar sola a kan rufin gidaje. Yana da mata, Barira, da abokai uku da suka taso tare tun suna firamare. Sagir yana tsaron kemis a bakin tasha. Rilwanu malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare. Kamilu mai walda ne, ƙato, maganarsa ba ta da yawa.

Abin da ya riƙe su wuri ɗaya bayan kowa ya yi aure shi ne wani wasa da Tasi'u ya koyo lokacin da yake karatu a Zariya. Ga yadda ake yinsa. Mutum ɗaya ke jan wasa, shi ne bakin labari, shi zai ce ga ku a gari kaza, ga abin da ke gabanku. Sauran kowa yana da jaruminsa da ya raɗa wa suna, ya san ƙarfinsa, ya san rauninsa. In mai jan wasa ya ce ga kogi ya cika, ga mahara a bayanku, kai za ka ce jarumina zai faɗa ruwa, ko zai tsaya ya yi faɗa. Sai a jefa ƙwaya irin ta lido, abin da ta nuna shi zai faɗi ko ka tsallake ko ka kwashi kashinka a hannu. Ba a sa kuɗi, ba a cin kowa. Labari ɗaya yakan ɗauki watanni, duk Asabar bayan la'asar a ɗora daga inda aka tsaya.

Kowane labari irin wannan yana bukatar duniyar da zai faru a cikinta, da garuruwanta da sarakunanta da dodanninta da dokokinta. Tasu duniyar daga wani littafin Turanci mai kauri take, wanda Tasi'u ya sa aka sayo masa daga Legas. Ƙasa ce ta ƙanƙara da dazuzzuka masu duhu da gidajen sarauta na dutse. Duniyar kanti suke ce mata, tunda sayenta aka yi. Tasi'u ne mai jan wasa, kuma ya haddace littafin nan kamar sunansa.

A kan littafin nan Rilwanu da Sagir ba su taɓa shan inuwa ɗaya ba. Rilwanu yakan ce, "Mu da ko ƙanƙarar firij sai an kawo wuta muke ganinta, me ya haɗa mu da ƙasar ƙanƙara? Kayan aro ba ya rufe katara. Mu gina tamu duniyar." Sagir kuma ya ce, "Mutane da yawa suka zauna shekaru suna gwada dokokin nan har suka daidaita. Kai da bironka ɗaya za ka fi su? Da tsohuwar zuma ake magani." Kamilu ba ruwansa, shi dai a fara wasa. Tasi'u yakan yanke hukunci a kan littafi, don aiki bai bar masa lokacin ƙirƙirar garuruwa ba.

Ana nan, wata rana da damina, Tasi'u yana kan rufin wani bene, kwano ya jiƙe, ƙafarsa ta zame. Ya faɗo da bayansa. Aka kai shi asibiti a Zariya, aka yi masa aiki, Allah ya yi da sauran kwanansa, amma daga ƙugu zuwa ƙasa komai ya tafi. Ranar da za a sallame shi, likitan motsa gaɓɓai ya faɗa wa Barira gaskiya ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce hannuwansa da kafaɗunsa su ne ƙafafunsa yanzu, dole ya riƙa ɗaga kansa yana juyawa yana motsa jiki. In ya kwanta wuri ɗaya, gyambon kwanciya zai kama shi, kuma gyambon nan ya fi karayar kanta kashe mutane.

Da aka dawo da shi gida, Tasi'u ya juya fuskarsa ga bango. Bai yi kuka ba, bai yi faɗa ba, magana kawai ya daina. Abinci sai ya taɓa ya ture. Keken da aka kawo masa yana jingine a lungu har aka fara shanya tawul a kansa. Gyambo ya fara a bayansa. 'Yan dubiya suna shiga suna fita suna cewa sai haƙuri. Wata rana wani ya ce, a tsakar gida, yana tsammanin ba a jinsa, ai irinsu Allah ba ya hana su abinci a bakin titi. Barira ta ji. Ta zari mayafinta ta bi abokan nan uku ɗaya bayan ɗaya, kowa ta faɗa masa magana ɗaya: "Abokinku bai mutu ba. Ba za a yi min zaman makoki yana numfashi ba. Ni na yi iya yina, ya ƙi kallona. Ku san yadda za ku yi."

Sagir ne ya fara. Kullum da rana yakan bar wa wani kemis ɗin ya zo ya zauna a bakin gado. Ya kawo labarin gari, ya kawo labarin ƙwallo, ya kawo tsokana, duk bayan Tasi'u kawai yake gani. Sai wata rana ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da littafin nan mai kauri, ya kaɗe ƙurarsa, ya ce tunda mai jan wasa ya yi ritaya, shi zai karɓa, bari ya yi bita. Ya fara karantawa da ƙarfi, yana fassarawa da Hausa, kuma da gangan yana karanta ƙarya. Birnin da ke kan tsauni ya kai shi bakin teku. Sarkin da ya mutu a yaƙi ya ce tsufa ne ya kashe shi. Ranar farko kafaɗar Tasi'u ta ɗan motsa. Sagir ya gani, ya yi kamar bai gani ba. Washegari ya dawo da ƙaryar da ta fi ta jiya.

Ranar da ya ce dodon kogon gishiri ruwa yake tsoro, sai wata murya ta fito daga jikin bango kamar ƙofar da ta yi tsatsa.

"Ƙarya kake. Wuta yake tsoro."

Sagir ya ce, "In ka fi ni sani, juyo ka karanta."

"Fita daga ɗakina."

"Ba inda za ni. In ka isa, taso ka fitar da ni."

Tasi'u ya juyo, karon farko da ya juya da kansa, ya rarumi kofin silba ya jefe shi da shi. Kofin ya fasa wa Sagir goshi. Barira tana kicin tana kuka tana dariya. Washegari Sagir ya dawo da filasta a goshi da littafi a hannu, ya zauna a inda ya zauna jiya. Ku lura da wannan: ba a iya harzuƙa mutum da ƙarya a kan abin da bai sani ba. Littafin nan su biyu suka san shi, baƙaƙensa ba sa canzawa, shi ya sa ƙaryar ta yi masa ciwon da ya buɗe bakinsa.

Daga nan wasa ya dawo, a bakin gado, Sagir yana ja, Tasi'u yana riƙe da jarumi. Ya fara cin abinci. Sai wata Asabar ƙwaya ta faɗi mummunan faɗi, dodo ya murƙushe ƙafafun jarumin Tasi'u. Sagir ya duba littafi ya faɗi abin da littafi ya ce: akwai kwalbar magani a jakarka, sha ka miƙe. Tasi'u ya sa hannu ya share ƙwayoyin suka watse a ƙasa.

Ya ce, "A duniyar nan taku ba wanda ke zama gurgu. Babu wurina a cikinta. Ku kwashe kayanku."

Ya koma ga bangonsa. Sagir ya buɗe littafin tun daga bangon farko har na ƙarshe, bai sami gari ɗaya da mutum irin Tasi'u ke zaune a cikinsa ba.

Sai Rilwanu ya tashi. Lokacin an yi hutun makaranta. Bai yi shawara da kowa ba ya hau mota ya tafi Yawuri, ya sauka wurin masunta a bakin kogi. Ya shiga kwalekwale da su, ya riƙe filafili har tafin hannunsa ya yi ruwa, ya koyi sunayen kifaye da sunayen iskoki da yadda ake gane ruwa mai juyi tun daga nesa. A can ya ga wani dattijo da shan inna ya shanye wa ƙafafu tun yana yaro. A tudu ɗaukarsa ake yi, amma in ya zauna a bayan jirgi babu mai iya bambanta shi da kowa, kuma shi ake nema in ruwa ya yi fushi. Rilwanu ya dawo Funtua da zazzaɓin cizon sauro da duniya guda a cikin kansa.

Ya sami babban kwali ya zana ta. Ya kira ta Ƙasar Tsibirai, ƙasar da ambaliya ta cinye tun zamanin da ba a tunawa, babu hanya, babu abin hawa sai jirgi. Babban birninta Tungar Dorina, kasuwarsa a kan ruwa take ci. Sarauta a can ta wanda ya fi iya tuƙi ce. Babbar dokarta ɗaya: abin da ruwa ya ci ya ciwu, babu kwalbar magani, babu dawowa.

Sagir ya duba kwalin ya taɓe baki ya ce, "Wa ya gwada dokokinka?"

Rilwanu ya ce, "Mu za mu gwada. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗanda suka rubuta naka littafin ba su san Tasi'u ba, ni na san shi."

Ya shiga ɗakin ba tare da ya nemi izinin mai ɗakin ba, ya hau kan gado, ya kafa kwalin da ƙusa a daidai bangon da Tasi'u yake kallo. Ya ce, "Tunda bango ka zaɓa, ga abin kallo." Ya fita. Tasi'u ba shi da inda zai kai idonsa sai kan tsibiran nan. Bayan 'yan kwanaki, Rilwanu ya leƙo, sai ya ji an ce, "Wannan tsibirin na ƙurya me ya sa ba shi da suna?" Rilwanu ya ce, "Ba wanda ya taɓa kaiwa. Ruwan wurin juyi yake, sai matuƙin da ya isa." Tasi'u ya ce a ba shi takarda. Da hannunsa ya ƙirƙiri sabon jarumi, Jatau mai filafili, matuƙin da kada ya cinye wa ƙafafu. Ba wanda ya ce masa ya yi hakan. Wasa ya sake dawowa, Rilwanu yana ja.

Duniyar Rilwanu tana da ramuka, kada in ɓoye muku. Ya manta bai faɗi inda mutanen ruwa suke samun itacen girki ba. Wata doka tana karo da wata. In ya fara jero sunayen sarakunan Tungar Dorina sai Kamilu ya fara gyangyaɗi. Amma kowane rami Tasi'u ya gani sai ya ce a'a, ba haka za a yi ba, ya kawo gyara. A kan maganar itacen girki ne ya yi dariyarsa ta farko. Sai dai baki ne ya farfaɗo, jiki yana nan kwance. Motsa jikin da likita ya ce ya yi, ya ƙi. In Barira ta yi magana ya ce gobe. Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa wanke gyambon ta ja Barira gefe ta ce ciwon yana ƙara zurfi, in ya kai ƙashi sai dai addu'a.

Ana cikin haka sai ga Baffa Ilu, ƙanin mahaifin Tasi'u, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar yayansa. Kada ku ɗauke shi mugu, shi ya sayar da shanunsa aka yi wa yaron aiki. Ya shigo wata Asabar ya tarar da ƙarti uku sun kewaye majinyaci suna jefa ƙwaya suna ambaton dodannin ruwa. Ransa ya ɓaci. Ya ce marar lafiya addu'a yake bukata, su kuma sun kawo masa caca har gado. Sagir ya yi bayani cewa ba a sa ko sisi. Rilwanu ya yi bayani cewa labari ne kawai. Baffa ya tattara ƙwayoyin ya zuba a aljihu ya ce, "Ƙwaya ba za ta sake faɗuwa a gidan nan ba ina raye. Ku fita." Suka fita. Tasi'u ya koma ga bango, da taswira da babu taswira.

Washegari da hantsi sai ga Kamilu ya turo kura, a ciki akwai bututun ƙarfe da igiya da injin walda da ƙaramin janareta. Baffa Ilu yana zaune a ƙofar gida. Kamilu ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baffa, ka ce ƙwaya ba za ta sake faɗuwa a gidan nan ba, kuma ba za ta faɗi ba, na ɗaukar maka alkawari. Amma ba ka ce a bar shi ya ruɓe ba. Zan shiga. In dukana za ka yi, ga bayana, in ka gama zan shiga."

Baffa ya ɗaga sandarsa ya sauke masa a kafaɗa. Ina tsaye a ƙofar gidana, na ji ƙarar. Kamilu bai motsa ba, bai ɗago kai ba. Tsohon ya sake ɗaga sandar, sai ya sauke ta a hankali ya juya fuskarsa gefe. Kamilu ya tashi ya tura kurarsa ciki.

Kafin azahar ya haɗa wani abu kamar rumfar ƙarfe a kan gadon Tasi'u, da sanda a gicciye daidai inda hannu zai kai, da igiya mai buhun yashi a ƙarshenta wadda in ka ja ta kamar kana tuƙi da filafili. Da Asabar ta zo ya faɗi sabuwar doka. Babu ƙwaya. Duk wanda jaruminsa zai yi wani abu mai wuya, mai jan wasa zai faɗi adadi, shi kuma ya kama ƙarfe ya ɗaga kansa ko ya ja igiya har ya cika. In ya cika ya tsallake, in ya kasa ya faɗi. Sagir ya ce babu wannan a kowane littafi. Rilwanu ya ce babu wannan a Ƙasar Tsibirai. Kamilu ya ce, "Yanzu akwai."

A ranar Jatau ya ɗauko jaruman abokansa a jirgi, suka shiga ruwa mai juyi. Rilwanu ya faɗi adadi. Tasi'u ya kama igiya ya ja, gumi ya keto masa, bai kai rabi ba hannunsa ya saki. Jirgi ya kife. Jarumin Sagir da Jatau suka kama itace suka tsira. Da aka zo kan jarumin Kamilu, wanda ya yi shekaru yana wasa da shi tun a duniyar kanti, aka lallaɓo da shi zuwa sabuwar, Kamilu ya ƙi taɓa ƙarfen. Ya ce nasa bai iya iyo ba, kowa ya sani, da matuƙi ya dogara. Rilwanu ya so ya sassauta, ya ce wata igiyar ruwa ta turo shi gaɓa. Kamilu ya ce, "Kai ka kafa doka. Abin da ruwa ya ci ya ciwu." Ya yayyaga takardar jaruminsa a gabansu.

Tasi'u ya fusata har jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce, "Ka san ba zan iya ba, ka sa na kashe maka shi!"

Kamilu ya ce, "Na san yau ba ka iya ba."

A cikin makon nan, kullum da safe Barira tana shara sai ta riƙa jin ƙarfe yana ƙara a cikin ɗaki. Ba ta leƙa ba, ba ta faɗa wa kowa ba. Da Asabar ta zagayo, jirgin Jatau ya ratsa ruwan da ya kifar da shi.

Sauran labarin kun iya cika shi da kanku. Mutumin da ke ɗaga kansa kullum ba ya kwana a gefe ɗaya, gyambo ya fara kamewa har ya rufe. Kafaɗunsa suka buɗe. Tun Sagir yana cika adadinsa da ƙyar Tasi'u yana kasa nasa, har aka kai Tasi'u yana yi wa Sagir dariya. Wata Juma'a ya ce a cire tawul ɗin nan daga kan keke, ya sauko daga gado da hannuwansa ya hau, ya tura kansa har masallaci, ya hana kowa taɓa keken. Baffa Ilu yana biye da shi a baya yana share ido da bakin rawani. Mutumin nan da ya yi maganar bakin titi yana cikin waɗanda suka matsa suka ba shi hanya, Tasi'u ya dube shi ido cikin ido ya wuce. Ya kafa tebur a zaure yana gyaran inbata, na'urar wutar sola. Ya karɓi jan wasa daga hannun Rilwanu. Wasu da suka yi jinya tare a Zariya suka ji labari suka fara zuwa, samarin unguwa suka biyo, har zaure ya yi kaɗan aka fitar da rumfar ƙarfen ƙarƙashin dalbejiya. Baffa Ilu da kansa yake zama yana ƙirga wa masu jan igiya, kuma ba ya yi wa kowa ragi.

To, bana wani kamfani a Kaduna ya ɗauki Tasi'u aikin koyar da masu koyon gyaran sola, zai tashi da iyalinsa. Kujerar jan wasa dole ta koma hannun mutum ɗaya, don baki biyu ba sa jan labari ɗaya. Kuma wanda ya hau ta shi zai zaɓi duniyar da wannan taron zai shiga. Tasi'u ya tara abokansa ya ce zai bar ta ga wanda ya fi yi masa rana. Nan aka tsaya, kowa ya kafe.

Sagir ya ce da bai buɗe bakinsa ba, da Rilwanu bango ya kafa wa kwalinsa, Kamilu kuma gawa ya yi wa rumfa. Ya ce in ya hau kujera littafi zai dawo, domin sababbin nan suna bukatar abin da kowa zai iya buɗewa ya duba, abin da in sun je Kano ko Abuja za su tarar da wasu sun san shi. Duniyar da ke cikin kan mutum ɗaya, in aka yi masa canjin wurin aiki ta tafi da shi.

Rilwanu ya ce littafin da ya buɗe bakin shi ne ya sake rufe shi, kowa shaida ne. Ya ce rabin masu zuwa yanzu a kan keke suke zuwa, kuma ba zai mayar da su ƙasar da ake shan kwalba a miƙe ba, ko za a yanka shi. Ramukan duniyarsa ya yarda da su, amma ramuka ne da mutanen wurin suke cikewa da hannunsu.

Kamilu ya ce shi bai iya jero sunayen sarakuna ba, Turancinsa ma bai kai na littafi ba, kuma ya san in ya ja labari gajere zai yi. Amma baki ya buɗe, ido ya buɗe, gyambo bai fasa ci ba sai da ƙarfe ya shiga ɗakin. Ya ce a ba shi kowace duniya, ta kanti ko ta gida, shi mutanen da ke zaune a gabansa zai duba. Ya nuna kafaɗarsa ya ce shi kaɗai ya dawo bayan an ce a fita.

Tasi'u ya kawo mana maganar mu dattawan unguwa. Muka zauna, muka tashi mun rabu gida uku. Barira da aka tambaye ta ta ce ita ba za ta raba hanta da jini ba. Motar kaya kuma tana nan zuwa ƙarshen wata.

To, ga ta a gabanku. Tsakanin Sagir da ya buɗe bakinsa da duniyar kanti, da Rilwanu da ya gina masa duniyar da zai zauna a ciki, da Kamilu da ya sha sanda ya sa shi ya ɗaga jikinsa, wane ne ya fi cancanta ya hau kujerar Tasi'u?